Talla a ƙofar gaggawa: ya za mu yi da masu cika mana noc@ da abuse@?

Injiniya Sani, Kano
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙorafi na kawo, amma shawara nake nema, ba jaje ba. Jiya ni ne da aikin dare. Wajen ƙarfe biyu da rabi wayar aiki ta ɗau ƙara, wadda muka haɗa da noc@, adireshin imel ɗin kamfaninmu na kai rahoton matsalar layin intanet, yadda duk imel ɗin da ya zo da kalmar gaggawa a kansa zai tashi mai tsaro. Na zabura, raina na cewa shi ke nan, an sake yanke mana faiba, wayar da ke kawo mana intanet. Na buɗe kwamfuta ido rabi a rufe. Ashe wani bawan Allah ne yake tambaya ko muna son hayar adireshin IPv4 (lambobin da ake gane na'urori da su a intanet), wai mu yi sauri kafin ƙarshen wata. Ban sake runtsawa ba har aka kira assalatu.

Da safe na zauna na duba tikitocin wannan makon, wato saƙonnin da suka shigo akwatin aka ba su lamba. Masu tallan layin intanet na ƙasa da ƙasa, masu sayar da rawuta na hannu, masu cewa za su gyara mana shafin kamfani, har da mai sayar mana da jerin adireshin imel na wasu kamfanoni, wato shi ma yana neman mu shiga sana'arsa. Adireshin nan babu shi a shafinmu, babu shi a katin kowa. Wuri biyu kaɗai muka sa shi: rajistar AFRINIC, mai raba adireshin intanet a Afirka, da PeeringDB, kundin da kamfanonin intanet ke neman juna don haɗa layi. Niyyata in cire shi daga duka biyun in huta. Akwai wanda ya taɓa yin haka?

Malam Bashir, Kaduna
Wa alaikumus salam. Sannu da rashin barci. Amma kada ka cire, Sani. Adireshin nan ba don jin daɗinka aka sa shi ba, don maƙwabcinka aka sa. Ranar da wata na'ura a cikin abokan cinikinka ta fara watsa wa mutane hari, ko ka yi kuskure ka shelanta hanyoyin BGP da ba naka ba (BGP ce kamfanoni ke sanar da juna ta inda ake isa adireshinsu), wanda abin ya shafa yana Legas ko yana Jamus, WHOIS, kundin da ke nuna mai kowane adireshi, zai buɗe ya neme ka. In bai same ka ba, ba zai tsaya jira ba, toshe ka zai yi, sai ka ji daga bakin kwastoma.

Sunayen nan ma ba mu muka ƙirƙire su ba. Tun 1997 aka rubuta su a takardar ƙa'idar intanet ta RFC 2142: abuse@ don kai ƙara, noc@ don matsalar layi, security@ don tsaro, postmaster@ don abin da ya shafi imel. A cikin takardar nan ɗin dai akwai sales@ da info@ da marketing@, an ware su daban. Wato tun lokacin an raba ƙofar kasuwa da ƙofar gaggawa. Mai tallan da ya ƙwanƙwasa noc@ ya san da ɗayar ƙofar, ya dai san cewa wannan ce ake buɗewa ko da tsakar dare.

Auwal ɗan IT
Oga Sani, me zai hana ka ɗaura matatar saƙon banza mai ƙarfi kawai? Rspamd ko SpamAssassin, ka matse ma'aunin, magana ta ƙare.

Hadiza, Abuja
Auwal, zo in ba ka labari kafin ka ba wani wannan shawarar. A wurin da na fara aiki mun yi daidai abin da ka ce. Shugabanmu ya gaji da shara a abuse@, ya ce a matse. Muka matse, akwati ya yi fes, kowa na murna. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, mai kawo ƙarar saƙon banza dole ya haɗo da saƙon banzan a cikin ƙararsa, don shi ne shaida. Matatar ta ga irin kalmomin da ta saba kamawa, da irin mahaɗan da ta saba kamawa, sai ta riƙa haɗiye ƙararrakin gaske. An shiga sabar imel ta wani kwastomanmu ana ta aika damfara da ita, mutane na ta rubuto mana, mu ba mu gani ba. Ranar da muka farga, an riga an sa zangon adireshinmu a jerin Spamhaus na adireshin da ake toshewa, wasiƙun wata makaranta da muke wa hidima suna ta dawowa. Gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago. Da na buɗe akwatin da matatar ke zubarwa na ga ƙararrakin a jere, kunya kamar in nutse.

Kuma wani abu da ya canza: masu tallan yanzu ba irin na da ba ne. Ba daga na'urar da aka sace suke aikowa ba. Suna sayen domen, wato sunan da ke bayan @, mai kama da na kamfaninsu, su buɗe akwati a Google Workspace ko Microsoft 365, su saita SPF da DKIM da DMARC, shaidun da ke tabbatar da mai aikowa, tsaf, wani lokacin ma sun fi namu kyau. A idon matatar wannan wasiƙar mutumin kirki ce. Sharuɗɗan da Gmail da Yahoo suka ƙaƙaba a Fabrairun 2024, na maɓallin cire kai daga jerin talla da sauransu, mafi tsaurinsu kan masu aika da yawa suka hau, a wurin Gmail dubu biyar a rana. Su kuwa waɗannan sai su rarraba aikin a akwatuna da yawa, kowanne ya aika kaɗan.

Auwal ɗan IT
Na janye, Anti Hadiza. Ban taɓa tunanin zancen shaidar nan ba.

Mamman, Maraɗi
Ina wuninku. Mu nan har da Faransanci muke samun namu, to kun ga an fi ku. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku sunka yanke, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE kusan lokaci guda. Rezo, wato layin intanet, ya yi nauyi, muna jiran kowane saƙo daga waɗanda ke ba mu layi, mu ji ta ina za a bi. A wannan makon ne ƴan talla sunka yi mamu ca. Kowa na cewa ya ji abin da ya same mu, yana da mafita. Wani har da jaje ya fara. Mutum na cikin kashe gobara, kai kuma ka tsaya bakin ƙofa kana tallan bokiti.

Nura, sashen kasuwanci
Ku yi haƙuri, ni ne bare a nan, amma bari in ce wani abu tunda sana'ata ake zagi. Mai tallan bokiti ranar gobara, in akwai ruwa a bokitin, ai taimako ya kawo. Mamman, ranar da rezo ya faɗi ba ka buƙaci wani layin ba? Mu ma an ɗora mana adadin da za mu kawo duk wata. Ka rubuta wa info@ babu mai buɗewa, ka kira lambar ofis a ce oga ya fita. Injiniyoyi ne ke yanke shawarar abin da za a saya, kuma noc@ ne kaɗai inda ake samunsu. Bayanan nan a fili suke, kowa na iya gani. Ina laifin wanda ya karanta abin da aka manna a bango? Wanda ba ya so ya ce a cire shi, a cire shi. Ni wallahi ina cirewa.

Malam Bashir, Kaduna
Malam Nura, na ji daɗi da ka fito fili, ya fi a yi ta magana a bayan ido. Amma lambar motar asibiti ma a bango take. Ba ka kira ta don tallan taya.

Kuma zancen "a fili suke" bai tsaya ba, don wuraren nan suna da sharaɗi. PeeringDB ta rubuta ƙarara a ƙa'idar amfaninta cewa bayanan tuntuɓa don aikin haɗa layi da gudanar da shi ne, ba don talla ba. Rajistocin yankuna ma haka. Ba kuma rubutu ne kawai ba, an taɓa zartarwa. A Janairun 2020 ARIN, mai rajistar Arewacin Amurka, ta dakatar da Cogent daga amfani da WHOIS ɗinta na wata shida saboda yawan ƙorafin cewa ana kwasar bayanan masu rajista ana bin su da talla. Shugaban ARIN a lokacin, John Curran, da kansa ya sanar. Cogent kuwa ba ƙaramin kamfani ba ne, yana cikin manyan masu ɗaukar kayan intanet na duniya. Abin da ya jawo hakan shi ne mutane sun daina gunaguni a tsakaninsu, sun riƙa tura ƙorafi da shaida zuwa inda ya dace.

Zancen "ka ce a cire ka" kuwa, lissafa da kanka. Lambobin AS, wato lambar shaidar kowace cibiyar intanet mai zaman kanta, da ke aiki a duniya sun haura dubu saba'in. Masu sayar musu da kaya dubbai ne. In kowane mai sayarwa yana da haƙƙin aiko mini sau ɗaya har sai na roƙe shi ya bari, yaushe zan yi aikina? Kai ka cire ni, wata uku ka bar kamfanin, sabon da ya gaje ka ya sake kwaso jerin daga farko.

Nura, sashen kasuwanci
To Malam, ku nuna mana ƙofar da za mu bi. Ba ku buɗe info@, ba ku ɗaga waya, sannan ku ce kada a taɓa noc@.

Hadiza, Abuja
Wannan kam Nura ya faɗi gaskiya, mu ma da namu. Mu abin da muka yi, mun buɗe adireshi na musamman don masu kawo kaya, muka rubuta shi a layin bayani na rajistarmu da na PeeringDB, kuma da gaske akwai mai duba shi ranar Litinin. Wanda ya bi ta nan ana ba shi amsa, ko da "a'a" ce. Sannan akwai taron ngNOG na injiniyoyin intanet na Najeriya da tarukan IXPN, wurin musayar intanet na Najeriya, ka zo ka sha shayi da mutane, ka san fuska. Mai layin da muke amfani da shi yanzu a wurin cin abinci na taro muka haɗu da shi.

Barista Zainab
An yi ta kirana a saƙon sirri in sa baki, to ga ni, amma kada wani ya ɗauki wannan a matsayin shawarar lauya ga kamfaninsa. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen talla kai tsaye, kuma in ya ƙi dole a daina. Hukumar kare bayanai ta NDPC ce ke karɓar ƙorafi. Inda gizo ke saƙa shi ne, dokar mutum take karewa. In adireshin na ɗauke da sunanka ne, kana da ƙafar tsayawa. In noc@ ne na kamfani, hujjar ta yi rauni. Haka abin yake a dokar GDPR ta Turai da ta fara aiki a Mayun 2018. Ita kuwa dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ba ta ma hana a aiko maka ba tare da izini ba, cewa ta yi kada a yi ƙarya a kan saƙon, a sa adireshin ofis, kuma in ka ce a daina a daina cikin kwanakin aiki goma. Kanada ce ta fi tsauri, dokarta ta 2014 ta sa neman izini a gaba. Yawancin masu damun ku a waje suke, kuma ba na jin akwai wanda zai ɗauki lauya a wata ƙasa saboda imel ɗin talla. Shi ya sa na ga hanyar Malam Bashir ta fi kusa: sharaɗin da suka karya na rajista ne, can za a kai su.

Auwal ɗan IT
Da ma NCC za ta yi mana irin 2442, lambar nan ta hana saƙon talla a waya, amma na imel, mutum ya tura STOP ya huta.

Barista Zainab
2442 ya yi aiki ne don kamfanonin waya 'yan kaɗan ne kuma lasisinsu na hannun NCC. Wa ke riƙe da lasisin mai aiko imel daga wata nahiya?

Injiniya Sani, Kano
Na gamsu ba zan cire ba. Amma Malam, shaidar fa? In na kai ƙara ai cewa zai yi a wani wuri ya samo.

Malam Bashir, Kaduna
Nan ne dabarar take, kuma ba ta cin ko sisi. Kada ka sa adireshi iri ɗaya a ko'ina. Na rajistar AFRINIC daban, na PeeringDB daban, na wurin musayar intanet daban, dukansu su zuba a akwati ɗaya ta ciki. Ranar da talla ta shigo, ka duba ta wace ƙofa ta shigo. Ni ba na son salon alamar tarawa, noc+kaza@, don masu kwasa sun iya yanke wutsiyar. Ka ƙirƙiri suna daban gaba ɗaya. In adireshin da ba ya ko'ina sai PeeringDB ya samu talla, babu sauran musu. Ka tura musu saƙon da cikakken kansa, wato layukan da ke nuna ta inda ya biyo, ba hoton allo ba. A PeeringDB ɗin kuma ka mayar da bayananka yadda sai wanda ya shiga da asusu zai gani. Bai hana ɓarawo ba, amma ya tilasta masa ya bar sawu.

In za ka toshe kuma, ka toshe da sanarwa. Kada ka haɗiye saƙo shiru. Ka sa sabarka ta ƙi karɓa tun a bakin ƙofa da lambar 550, tare da layi ɗaya da ke cewa wannan adireshin na aiki ne, ga lambar waya in gaggawa ce. In ka yi kuskuren toshe mutumin kirki, zai ga dalili ya kira. A manhajar sabar imel ta Postfix jeri ɗaya ne na masu aikowa. Domen ɗin mai tallan kaɗai za ka sa. Na taɓa ganin yaron da haushi ya sa ya toshe gmail.com ɗungurungum, alhali rabin masu kawo mana ƙarar gaske da Gmail suke rubutowa. Kuma ka yi hattara da kamfanin da kuke musayar layi da shi: in ka toshe domen ɗinsu saboda ɗan tallansu, ka toshe injiniyansu ma.

Hadiza, Abuja
Ƙari biyu. Na ɗaya, Yaya Sani, laifin tashin dare rabi naka ne, ka yi haƙuri. Ka ba duk duniya maɓallin ƙararrawar ɗakin kwananka. Kalmar gaggawa ai kowa ya iya rubuta ta. Wayar dare ta tashi ne kawai daga na'urar sa ido, ko kiran waya, ko imel daga jerin waɗanda kuke da layi da su. Saura su jira gari ya waye. Na biyu, amsar nan ta kai tsaye mai cewa an buɗe maka tikiti lamba kaza, ita ce ke gaya wa manhajar mai talla cewa akwatin na da rai. Mu mun bar ta ga abuse@ don mai ƙara ya san an ji shi, amma mun kashe ta ga baƙin da suka rubuto noc@. Mun taɓa kwana na'urar tikitinmu da ta wani mai talla suna gaisawa da juna, kowacce na amsa wa 'yar'uwarta.

Alhaji Kabiru, Sakkwato
Na yi shiru ina karantawa, amma bari in tona kaina. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni na taɓa saye. Tunda AFRINIC ta shiga mataki na biyu na rabon ragowar adireshin IPv4 a Janairun 2020, abin da za ta ba ka a buƙata ɗaya bai wuce /22 ba, wato adireshi 1,024. Kwastomomi na ƙaruwa, ni kuma ban shirya wa IPv6, sabon tsarin adireshin, ba. Saƙon dillali ya shigo noc@, na amsa, muka yi ciniki. To ku gaya mini, wannan dillalin zai daina aikowa? In ya rubuta wa mutum ɗari ɗaya ya amsa, ya ci riba, kuma ni ne ɗayan. Abin da ya biyo baya ma bai yi daɗi ba: zangon da ya ba ni haya ashe an taɓa aika shara da shi, na yi makonni ina bin jerin masu toshewa ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Ga shi a lokacin ba a daɗe da bankaɗo yadda aka karkatar da miliyoyin adireshin AFRINIC ba, ni kuwa ban ko tsaya duba asalin nawa ba. Allah dai ya rufa asiri.

Malam Bashir, Kaduna
Alhaji, Allah ya saka da alheri, ba kowa ke iya faɗin wannan ba. Mu a wurinmu akwai takarda a hannun mai sayayya. Duk kamfanin da ya yi talla a noc@ ko abuse@, sunansa ya shiga, shekara guda ba ma karɓar farashinsa. Kuma muna rubuta wa shugabansu, ba yaron da ya aiko ba, mu gaya masa dalili cikin ladabi. Yaron an ɗora masa adadi ne, kamar yadda Nura ya ce. Wanda ya ɗora masa ne ya kamata ya ji cewa ya yi asarar ciniki.

Nura, sashen kasuwanci
Shekara guda ta yi yawa, Malam. In kayana ya fi arha, kamfaninku kuka cutar.

Malam Bashir, Kaduna
Ya taɓa faruwa, mun biya tsadar kuma. Mai kamfani bai ji daɗi ba, sai da na sha bayani.

Auwal ɗan IT
Me zai hana mu yi jeri ɗaya na wannan zauren, mu sa sunayensu kowa ya gani?

Mai kula da zaure
A'a Auwal. Ba a kama sunan kamfani a nan sai abin da ya riga ya fito a hukumance. Ana iya aiko talla da sunan wanda bai san zancen ba, mu ɗauki alhaki. Kowa ya riƙe jerinsa, mai shaida ya kai wa rajista.

Injiniya Sani, Kano
Ga inda na kwana. Na raba wayar dare da imel, na canza adireshin PeeringDB zuwa sabo na musamman, na buɗe akwatin masu kawo kaya. Na AFRINIC sai gobe, don wanda ke riƙe da kalmar sirrin rajistarmu ya tafi ta'aziyya Haɗeja. Da nake tsaftace tsofaffin tikiti kuma na ci karo da wani abu. Akwai saƙo daga wani kamfani a Jos, watanni huɗu da suka wuce, suna roƙon mu daina turo musu talla a noc@ ɗinsu. Na bi sawu, ashe yaran sashen kasuwancinmu ne, kuma da asusuna na PeeringDB suka shiga, wanda na taɓa buɗe musu a kwamfutar ofis don su duba wani abu. Babu wanda ya amsa wa mutanen Jos ɗin. Na rubuta musu ban haƙuri yanzu, na canza kalmar sirri.

Nura, sashen kasuwanci
Injiniya, sabon akwatin masu kawo kayan nan, turo mini shi ta saƙon sirri don Allah.

Injiniya Sani, Kano
Na turo. Litinin ake dubawa.